Rigar da Aka Wanke wa Shuɗi

Shekara hamsin da biyu Marini ya yi yana tsoma hannu a ruwan baba. Sau biyu gobara ta cinye masa rumfa, sau biyu ya sake kafawa. Abokan sana'arsa duk sun watse, wasu ƙasa ta rufe musu ido, shi kuwa yana nan daram. Bai taɓa zama a aji ba, amma ka miƙa masa ƙyalle, da shafawa kawai zai faɗa maka sau nawa aka tsoma shi.

Jikarsa ce ta zo da maganar. A kamfanin ƙera wasannin waya take aiki, suna neman rigar da za su sa wa jarumin wasansu. Marini ya ɗauko mata wadda ya fi ji da ita, tsomi ashirin da bakwai, shuɗin da ya kusa komawa baƙi. Yau dai duniya za ta ga rini.

Bayan wata biyu ta kai shi ofishin, ɗaki mai sanyi kamar randa, kowa ya kafa wa allon kwamfuta ido. Ga jarumin nan yana juyi. Saƙa da ɗinki duk na rigar Marini ne, amma rigar fara-fara kamar toka.

"Amarya, wa ya wanke min riga?"

"Ni ce, Kaka. Ƙananan wayoyi ba sa iya ɗaukar riga goma, zafi suke yi. Sai a ajiye guda ɗaya marar launi, ni kuma in rubuta wa wayar umarni, sheda muke ce masa. Shi ke zuba launin da mai wasa ya zaɓa."

Ta danna, rigar ta koma ja. Ta sake dannawa, ruwan hoda.

"To ki zuba a kan nawa mana!"

"Na gwada. Sheda duhu kawai yake ƙarawa, ba ya haskakawa. Duk abin da na ɗora a kan naka, baƙi yake fitowa."

Mutum nawa Marini ya kora daga rumfarsa da wannan maganar, cewa launi ba ya hawa kan duhu?

"Nuna min shuɗinku."

Ta nuna.

"Wannan ai shuɗin bokitin wanka ne."

Wani mai tabarau a teburin gefe ya yi dariya. "Baba, a ƙaramin allo ba wanda zai gane."

"Ni na gane, ɗan nan."

Jikar ta rage murya. "Na sa an yarda a rubuta sunanka a ƙarshen wasan. Sati guda ina faɗa a kai."

"A ƙarƙashin wannan tokar? Goge."

"Kaka, don Allah."

"Na ce goge, ina tsaye."

Bai iya karatu ba, don haka ya sa ta ɗora masa yatsa a kan layin sunansa. Ya tsaya yana kallo har harafi na ƙarshe ya ɓace.