Maganin da Tela Ya Zaɓa

Magani biyu likita ta gwada wa tsohon tela saboda ciwon ƙashinsa. Ƙwaya tana rage zafin ne kawai, ta bar masa hankalinsa. Allurar morfin kuwa tana ɗauke ciwon gaba ɗaya, sai gadon ya riƙa lilo kamar kwalekwale, labule ya zama yadin da marigayiyar matarsa ke miƙo masa tana dariya. Allurar ya zaɓa, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Ranar da 'yarsa ta zo dubiya daga nesa, sai ya kira ta da sunan uwarta.

"Baba, ni ce fa!"

Da la'asar ya farfaɗo, ya ga idanunta jajur.

"Likita, mayar da ni kan ƙwaya," in ji shi. "Waccan za ta jira ni. Wannan kuwa jibi za ta koma."