Uwar da Hukuma Ta Sani

Rana na dukan kwanon rufi kamar ta narkar da shi, amma Akuol ta fito tsakar gida cikin wata jibgegiyar rigar sanyi, tana jujjuyawa, matan layi na guɗa.

"Wai sanyin Ostareliya har haƙori yake karyawa," in ji ta. "'Yata Yar ta ce in fara sabawa tun daga nan."

"Ki fara rabuwa da tarin nan tukuna," in ji Nyibol daga bayan shingen ƙaya, ko kai ba ta ɗaga daga dawar da take tsincewa ba. "Kada ki je ki firgita musu jirgi."

Aka kwashe da dariya, Akuol ma ta yi har tarin ya turnuƙe ta. Nyibol kuwa ba wasa take ba. Hassada ce ke cin ta, ta san hassada ce, kuma ba ta ga abin kunya a ciki ba.

Duk layin nan na sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma an san Nyibol ce ta haifi Yar, amma babu mai faɗa. Shekarar da yaƙi ya sa suka gudo daga garinsu Bor, harbi ya raba ta da yarinyar a bakin kogi. Akuol, maƙwabciyarta tun can, ita ta tsince ta, ta goya ta har iyaka. Mai rajista ya tambaya 'yar waye, ta ce tata ce. A wurinsu wannan ba ƙarya ba ce, wanda ya goya ɗa ai ɗansa ne. Da Nyibol ta iso daga baya, ta tarar sunan Akuol ya zauna daram a takarda. Dattawa suka ce ta bari, shinge ɗaya ne tsakaninsu. Ta bari.

Yar ta girma, ta yi aure, miji ya ɗauke ta zuwa Ostareliya. Da doka ta ba ta damar ɗauko mahaifiyarta, uwa ɗaya hukuma ta sani. In an tona yanzu, za a ce da ƙarya ta shiga ƙasar, zamanta ya lalace. Nyibol ta yi naƙuda, Akuol za ta je rungumar jika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tafiya na ƙaratowa, Akuol ta kasa tashi. Nyibol ta dama kunu ta kai mata, rabi don maƙwabtaka, rabi don ta gani da idonta.

"Ba zan kai ba, Nyibol."

Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa Nyibol kafin ta ce, "Ke dai sha kunu. Irinku ba sa mutuwa da wuri."

"Murna kike. Tun muna 'yan mata na san idon nan naki."

"To me zai hana? Kin ɗauke min 'ya."

"Ɗauko miki ita na yi. Tawa a bakin kogin na bar ta, ba ta numfashi. Bayana babu kowa, shi ya sa na goya taki." Ta ja numfashi da ƙyar. "Niyyata, in na sauka, in ce musu ina da 'yar'uwa a Kakuma. In dame su har su gaji su kawo ki."

"Ƙarya kan ƙarya."

"Kina da wata hanyar?"

 Nyibol ta tallafo kan Akuol, ta ba ta kunun a baki. Washegari da hantsi Akuol ta cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, matan coci na waƙa a tsakar gida, aka miƙo wa Nyibol waya. Ga fuskar Yar a ciki, ido ya kumbura, tana ta kiran "Mama, Mama." Har wannan kukan sai da Nyibol ta yi kishinsa.

"Gwaggo," in ji Yar. Haka take kiran ta a waya, don ba a san wa ke saurare ba. "Sannu da ɗawainiya."

Nyibol ta matsa gefe, ta rage murya. "Yar, kujerar jirgin fa? Ai tana nan babu kowa a kai."

Yar ta sunkuyar da kai.

"Na riga na sanar da hukuma. Sun rubuta mahaifiyata ta rasu. An rufe maganar."

"Ni kuma fa?"

"A nan mutum ba ya da uwa biyu, Gwaggo."

Nyibol ta nemi bakin shinge ta zauna. Ashe wadda take fata kada ta tafi, ita ce kaɗai ƙofar da ta rage mata.

"Ga ta, ki gan ta," in ji Yar, ta ɗago jaririya cikin farin tawul. "Da muna jira Mama ta zo ta raɗa mata suna. Yanzu Akuol za mu sa."

Goshin jaririyar irin na Nyibol ne sak, mai faɗi. Ta daɗe tana kallon sa. Sai ta yi yadda tsofaffinsu ke sa wa jariri albarka, ta kawo wayar kusa da baki ta tofa ɗan yawu daidai goshin. Yawun ya tsaya a kan gilashi. Ta sa bakin zane tana gogewa a hankali, kafin ta gama layin ya katse.