Gonar Tim Hanrahan

Duk wanda ya tashi a gidan Hanrahan ya sha labarin Tim Dogo tun yana tatata. An ce shi ne ya tsero daga yunwar da ta yi wa Ireland kaca-kaca, lokacin da dankali ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa. Ya hau jirgin ruwa zuwa Kanada, ya yi 'yan shekaru yana ƙwadago a bakin kogi. Da gwamnati ta fara raba daji kyauta a hanyar Opeongo, sai ya karɓi nasa kason, ya shiga da gatari ɗaya ya mai da shi gona. An ce dutsen da ya gagari bijimai biyu, Tim kan rungume shi ya kai bakin iyaka ya dire, ko haki ba ya yi.

Loretta Hanrahan ta girma da wannan labari, ta yi aikin jinya a Ottawa har ta yi ritaya, ba ta taɓa tambayar inda gonar take ba. Sai da aka binne mahaifinta ta waiwaya, ta ga a cikin manyan gidan saura mutum ɗaya tak, wato ƙanin mahaifin nata, Baffa Desmond, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune shi kaɗai a Renfrew. Ya doshi casa'in, ƙafa ta yi rauni, amma baki na nan da kaifinsa.

Wata Asabar, lokacin da ganyen itatuwa ya rikiɗe ya koma ja, ta tsaya da mota a ƙofar gidansa.

"Baffa, ɗauko sandarka. Za mu je neman gonar Tim Dogo."

"Gonar da ta koma daji tun ubanki na cikin zani?" ya ce. "Ke dai zaman banza ne ya ishe ki. Da kaji kika saya ai da kin samu abin yi."

"Kai ka ce ka taɓa ganinta."

"Sau ɗaya, ina ɗan ƙarami, daga cikin motar babana. Akwai tafki, akwai katangar duwatsu. Kin san tafki nawa ne a ƙasar nan?"

Yana mita yana neman hularsa. Kafin ta juya motar har ya zauna a gaba.

Suka fara tsayawa a wata tsohuwar coci da ke kan tudu, inda Baffa ya ce nan ake binne 'yan Ireland na wannan yanki. Maƙabartar ta yi ciyawa, duwatsun kaburbura sun karkace. Loretta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kankare gansakuka da makullin mota, Baffa na biye yana dogara sanda. Can gefen shinge ta same shi. Ta durƙusa ta karanta da ƙarfi: Timothy Hanrahan, mutumin Clare ta ƙasar Ireland, ya rasu a shekarar 1857, yana da shekara talatin da huɗu. A ƙasa an sassaƙa cewa matarsa Honora ce ta kafa dutsen.

Ta ɗago kai. "Baffa, ba ka ce a 1856 ya karɓi dajin ba?"

"Haka babana ya faɗa."

"To ai shekara ɗaya kenan ya yi a gonar."

"Mai sassaƙar ne ya sha ya bugu," in ji Baffa. "Mutumin da ya share gona guda zai mutu a shekara ɗaya? Sake dubawa."

Ta sake dubawa, lambobin ba su sauya ba. Ita kuwa abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne sunan da ke ƙasa. Ta shekara sittin da ɗoriya a cikin wannan dangi, ba ta taɓa jin an ambaci wata Honora ba. Ta tambayi Baffa, ya taɓe baki ya ce ai dole Tim yana da mata, tunda 'ya'ya ba daga sama suka faɗo ba, amma shi bai san sunanta ba.

Daga nan suka shiga hanyar tsakuwa. Sau biyu Baffa yana rantsuwa cewa ga tafkin nan, sau biyu suna ƙarewa a ƙofar gidan hutun wasu mutanen birni. Rana ta fara karkata lokacin da Loretta ta hango wani abu a cikin itatuwa, ta taka birki. Katanga ce ta duwatsu zalla, ba siminti ba laka. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum, faɗinta kuwa amalanke zai iya tafiya a kai. Ta miƙe ta haura tudu ta ɓace a cikin daji, wata kuma ta gitta ta.

Suka bi katangar a hankali har ta kai su wani gida na katako. A bayan gidan wata tsohuwa ce sanye da takalman roba tana haƙar dankali. Ta miƙe ta dafa ƙugu tana kallonsu.

"In ɓata kuka yi, ku juya," ta ce. "Hanyar nan ta ƙare a wurina."

Loretta ta gaishe ta, ta faɗi sunanta da abin da ya kawo su. Tsohuwar ta saki abin haƙar ya faɗi.

"Hanrahan? Na Honora?"

"Na Tim Dogo," in ji Baffa.

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Malam, shigo ka zauna kafin iska ta ɗauke ka. Ni ce Regina Lorbetskie. A gidan nan aka haife ni, kuma tun ina yarinya nake jiran wani daga cikinku ya leƙo."

Ta zaunar da su a ɗakin girki, ta kawo shayi da burodi da man shanu da romon kabeji. Ba ta jira an tambaye ta ba ta soma, ta ce yadda kakarta ta ba ta haka za ta ba su.

Tim dai itace ne ya faɗo masa a sanyinsu na farko, ko wata guda bai yi yana jinya ba ya cika. Ya bar Honora da 'ya'ya huɗu da ciki, a cikin bukkar gungume, dusar ƙanƙara har taga. Limamin coci da maƙwabta suka taru suka ba ta shawara don tausayi: ta koma gari ta yi aikatau, a raba yaran a gidajen mutane. Sharaɗin gwamnati shi ne sai an share wani yanki an zauna 'yan shekaru kafin ƙasa ta zama ta mutum, kuma ba wanda ya ga yadda mace ɗaya za ta iya. Honora ta saurare su har suka gama. Ta ce a Clare ta binne uwarta da ƙannenta biyu a ƙasar wani, kuma mai ƙasar ya rushe musu ɗaki a kan idonta. Wannan ce ƙasa ta farko da aka taɓa cewa tasu ce. In za a fitar da ita, sai dai gawarta a kan kafaɗu.

"Manyan itatuwan sun fi ƙarfinta da farko," in ji Regina, "sai ta riƙa ɓare musu ɓawo a kewaye, su bushe a tsaye, ta cinna musu wuta. Tokar ta tace ta dafa, ta zama kanwar da masu sabulu ke saye. Da ita take samun gari. Garin kuma a bayanta take goyo shi daga injin niƙa, tafiyar yini guda. Ba ta da bijimai, amma ta iya saƙa, ta iya karɓar haihuwa. Ta saƙa maka bargo, ka ba ta aron bijimanka. Ta karɓi haihuwar matarka, ka zo ka tumɓuke mata kututture."

"Duwatsun fa?" Loretta ta tambaya.

Regina ta yi dariya. "'Yar nan, ƙasar nan duwatsu take haihuwa. Duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ki tarar sababbi sun ɓullo, kamar an shuka su. Ita da 'ya'yanta suke lodawa a kan katako su ja zuwa bakin gona. Fiye da shekara ashirin suna yi. Abin da kuka gani a hanya kenan."

Baffa ya ajiye cokali. "To ke ina kika san duk wannan? Daga jin sunanki, ku ai mutanen Poland ne."

"Yanzu ka yi tambayar masu hankali," ta ce.

Mutanen Regina sun iso ne 'yan shekaru bayan mutuwar Tim, a makare, sanyi ya riga ya kama. Miji da mata da jariri, ba bukka, ba abinci, ba ko kalma ɗaya ta Turanci. Honora ta gan su a bakin hanya suna ƙoƙarin kafa rumfa da rassa. Ta je ta ɗauki jaririn daga hannun uwar ta juya, dole suka bi ta. A bukkarta suka yi sanyin nan gaba ɗaya, iyali biyu a ɗaki ɗaya, ba sa jin yaren juna, sai dai in an durƙusa addu'a kowa ya ja carbinsa. Da ƙasa ta narke ta raba irin dankalinta biyu ta ba su rabi. Mutumin ya ciro zoben auren matarsa ya miƙa mata, ta buge masa hannu. Daga baya, da suka koyi Turanci, ta gaya musu cewa ta ga yadda yunwa ke kashe mutum, kuma muddin ana hango hayaƙin gidanta ba wanda yunwa za ta kashe a wurin.

"Jaririn nan shi ne kakana," in ji Regina. "Har yau, duk watan da ake addu'ar mamata, sunan Honora na cikin waɗanda muke bai wa limami. Uwata ta yi, ni ma ina yi, 'yata da ke Toronto tana yi."

Loretta ta ajiye kofinta. Ta yi shekaru tana tsaye a kan marasa lafiya, ta san nauyin ɗaga mutum ɗaya daga gado, ta san abin da dare ɗaya na naƙuda ke yi wa jiki. Ta dubi hannayenta a kan tebur. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba ta taɓa tsammanin za ta ga tukunyar da idonta ba.

"A ina aka binne ta?" ta tambaya. "Ba mu ga kabarinta kusa da na mijin ba."

"Wa ya ce miki a nan ta mutu? Tana gab da sittin aka fara labarin Dakota, can a Amurka, wai ƙasa baƙa wuluk, shimfiɗe kamar tabarma. Ta sayar wa mutanena gonar, ta kwashi 'ya'ya da jikoki. Aka ce, Honora, da tsufanki? Ta ce so take kafin ta mutu ta ga garma ta tashi daga wannan bakin gona ta kai wancan ba ta yi karo da komai ba. Babban ɗanta ne kawai ya ƙi binta, ya tafi sansanin masu saran katako. Sunan ubansa gare shi. Dogo ne, an ce sai ya sunkuya yake shiga ƙofa."

Baffa ya buga tebur har shayi ya fantsama. "Kakana kenan! Kun ji ko? Ashe akwai Tim Dogo! Kuma ya ɗauki duwatsu!"

"Ya ɗauka mana," in ji Regina. "Uwarsa na tsaye tana nuna masa inda zai ajiye."

Baffa ya dube ta. Sai kuma ya fashe da dariya har da tari, Loretta na bubbuga masa baya. Da ya lafa ya share ido ya ce, a hankali, "Mun haɗa uba da ɗa mun yi mutum ɗaya, mun bar matar a waje. Kai, ba mu kyauta ba."

Loretta ta shafe sanyin wannan shekara tana buga waya coci-coci a Dakota ta Arewa, har wata mata ta ce mata akwai Hanrahan masu noman alkama a yankinsu, da yawa ma. Da zafi ya shigo ta ce za ta je. Likita ya ce Baffa ya zauna a gida. Baffa ya ce in mace mai shekara sittin ta yi tafiyar nan da jikoki a hannu, shi ba zai kasa zama a kujerar mota ba.

Wani manomi mai suna Clement Hanrahan ne ya tarbe su, ya tara musu dangi har tsakar gida ta cika. A can kowane yaro ya san Honora. Ta haura casa'in kafin ta rasu, kuma har ƙarshe ita ke cewa ga ranar da za a fara girbi. Clement ya kai su kabarinta, ya kuma ba su labarin ranar da aka fara huɗa a sabuwar gonar. Wai ta bi bayan garma da ƙafa har ƙarshen fili, ta juya ta dubi layin ya miƙe sambal, ta yi tsaki ta ce wannan ƙasar za ta lalata mata jikoki da ƙiwuya.

Baffa Desmond ya rasu a sanyin da ya biyo baya, a cikin barci. Mutanen Dakota suka zo jana'iza cikin mota biyu, duk da dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Regina ma ta sa maƙwabcinta ya kawo ta. Bayan an gama, Loretta ta gabatar da ita ga Clement, suka zauna a ƙarshen tebur suna hira har shayinsu ya huce.