Akwatin Jarumar Auta

Kafinta ya sake goge murfin akwatin da bakin rigarsa, ya ɗaga kai ya dubi titi. Babur ya wuce, ba mai kawo masa saƙo ba ne. Yau kwana tara ke nan yana wannan leƙe-leƙe, har wuyansa ya fara ƙorafi.

Akwatin bai fi tafin hannu ba. Da guntun katakon da ya daɗe yana rowarsa ya yi shi, ya sa gilashi a gaba, ya shimfiɗa jan ƙyalle a ciki. Mutumin da ke haɗa gado a kwana biyu, sai ga shi ya kwashe huɗu a kan abin da ba zai ci ƙwai biyu ba.

"Baba Kafinta, baƙuwar ba ta iso ba har yanzu?" in ji Injiniya, mai gyaran waya na shagon kusa.

"Ina fa! Masu aiken yanzu sai addu'a."

Baƙuwar ta Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe. Kafin mota ta buge ta, duk Asabar da yamma gidan ba ya zaunuwa. Za ta rufe ɗaki ita da kwamfuta, ta haɗu da abokanta huɗu ta intanet, kowa na garinsu. Ɗaya ya ba da labari, sauran kowa da ɗan mutum-mutuminsa a kan taswira, yana faɗin abin da zai yi. Sai ka ji ta tana ihu, "Ku tsaya bayana! Ku tsaya bayana!" Sau nawa uban ya buga mata ƙofa: "Ke Auta, rage murya! Ƙatuwar budurwa da digiri, kina wasan 'yar tsana!"

Yanzu mako bakwai tana kwance a asibiti da ƙarafa a ƙugu. Likita ya ce ƙashi na haɗuwa, amma in ba ta yarda an fara tayar da ita zaune ba, tafiyar ma za ta yi wuya. Ita kuwa ta juya wa duniya baya. Abokan sun kira har sun gaji. Wallahi da za a sayar masa da ihun nan, da ya ba da shagon da zartunansa duka.

Shi ne ya tuna wata jarumar wasan mai garkuwa da fitila da ta taɓa nuna masa a allo, tana cewa wata rana sai ta saye ta. Injiniya ya buɗe masa asusu a shafin masu sayarwa, ragowar kuma Kafinta ya ce a bar masa, ai ba yaro ba ne. Ya nemo ta da kansa, ya biya da kansa.

"Kawo wayar in duba inda ta maƙale," in ji Injiniya. Ya latsa, ya latsa, sai ya sosa ƙeya. "Baba, ai ta iso."

"Ta iso ina?"

"Tun ranar da ka biya. Ga ta nan."

Kafinta ya gyara tabarau. Jarumar na juyawa a hankali cikin allon.

"Wannan ai hotonta ne. Ita nake tambaya."

"Ita ce ɗungurungum. Ba a riƙe ta a hannu, a cikin wasan take zama."

"Kai, rufa min asiri! Sun rubuta tsawonta milimita talatin da biyu. Da tef na auna, na bar mata sarari saboda fitilar!"

Injiniya ya cije leɓe, dariya na neman kashe shi.

Kafinta ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Shi ya sa ba su tambaye ni adireshi ba. Ni kuma na ce ƙwarewa ce."

A bas ɗin zuwa asibiti ya rasa wurin zama, ya tsaya da akwatin a aljihu yana dukan cinyarsa. Kunya ta ishe shi. Sau biyu ya yi niyyar wurga shi ta taga, sai ya tuna katakon.

Ɗakin marasa lafiyar gado shida ne, na Auta a ƙarshe. Mahaifiyarta na zaune tana ninke zane. Auta ta ba su baya kamar kullum.

"Sannu, Auta. Ya jikin?"

"Da sauƙi." Ko juyowa ba ta yi ba.

"Me ka cusa a aljihu haka?" in ji matarsa. Matar nan ko allura ka ɓoye sai ta gani.

Ya fito da akwatin ya ajiye a kan durowa. Tunda asiri ya tonu, ya zayyana komai: sayen, awon, kwana taran da ya yi yana gaida duk mai babur. Yana cikin magana ya ga kafaɗun Auta suna rawa. Ya matso kusa da gadon.

"Yi haƙuri, uwata, ban yi don in sa ki kuka ba."

Ta juyo. Hawaye ne a fuskarta, amma dariya take, tana dafe ƙugu.

"Wayyo, Baba, za ka kwance min ɗinki! Har da gilashi?"

"To ƙura fa?"

Ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon jarumar, tana juya ta da ɗan yatsa.

"Ka tuna da ita," ta ce a hankali. "Na ɗauka ba ka ma kalla ba."

"Na kalla."

Ta ƙara latsawa, sai ta ware ido. "Baba, a asusunka ka saya! Wannan shafin ba a tura wa wani. Ba mai iya motsa ta sai kai."

"To a mayar musu da abarsu."

"Ba a mayarwa."

Auta ta dubi agogon bango. Huɗu saura kwata, ranar kuma Asabar.

"Haka za ka bar ta tsaye a waya, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba?" Ta ja numfashi. "Mama, miƙo min kwamfutar nan. Ki kira nas ta ɗaga min gadon, ba a wasan a kwance."

Ɗaga gadon bai zo da sauƙi ba. Ta yi gumi, ta damƙe hannun uban har farcenta ya shiga fatarsa. Da ta zauna ta kunna, muryoyi huɗu suka fashe lokaci guda, wata har da kuka.

"Ya isa, ya isa," in ji Auta. "Na zo da sabon ɗan wasa. Ku bi shi a hankali, tsoho ne."

"Sannu da zuwa, Baba," in ji mai ba da labarin. "Ga ku a bakin wani tsohon gida. Ƙofar katako ce, a kulle, kuma akwai abin da ke numfashi a bayanta. Me jarumarka za ta yi?"

Kafinta ya matso da fuska kusa da allon. "Wane irin katako ne?"

"Eh... katako dai, Baba."

"Ba a katako dai. Ciki take buɗewa ko waje? In waje ne, a zare hinjis ɗin da ke riƙe da ita, ba sai an ɓata ƙofar mutane ba."

Dariya ta kaure. Aka zare hinjis, ƙofa ta faɗi, wani abu mai kai uku ya yo waje. Kafinta ya rikice, ya tura jarumar ta shige bango.

"Ba nan ba, Baba! Dawo! Ku tsaya bayan Baba, shi ke da garkuwa! Ku tsaya bayansa!"

Nas ta leƙo daga ƙofa. "Haba, gado na shida, a rage murya. Asibiti ne fa."

Kafinta ya ɗago, tabarau ya yi masa hazo.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce wa nas ɗin. "Ki bar ta ta ɗan ƙara."