Shanu Tara a Ƙofar Injiniya

Ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso hannun Injiniya Nazir Ahmad a Kaduna, sai da ya karanta ta sau uku, ko Allah zai sa sunan jihar ya canza. Bai canza ba. An tura shi ya kula da wani shirin noman rani a Talata Mafara da Bakura da Maradun, aka ce ya zauna duk inda ya ga dama cikin ukun. Da wani ne da murna zai yi, an mai da shi gida. Shi kuwa bai yi murna ba, don a Damaga ta ƙasar Maradun aka binne cibiyarsa, can uwarsa Saude take har yau, kuma can ba wanda ya san wani Injiniya. Ɗantani suka sani, ɗan marigayi Ahmadu mai shanu, wanda ya yi kiwo har ƙafarsa ta yi faso kafin boko ya ɗauke shi. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da garin. In uwar ta sa an kira shi a waya sai ya ce hanya ba lafiya, kamar su da ke bin ta kullum ba rai ne da su ba. Abu guda yake nema: gidan da zai zauna a matsayin Injiniya, inda Ɗantani ba zai biyo shi ba.

Ofis ya haɗa shi da direba, Malam Zubairu, dattijo ɗan Mafara wanda ya san kowane lungu na garuruwan uku. Ran Alhamis suka fita neman gida. Zubairu ya ɗauko gaisuwa irin ta mutanen wurin, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, bai kai ta huɗu ba Injiniya ya katse shi, ya ce a ɗaga gilashi a kunna sanyi. Hausarsa ma ya wanke ta tas a Kaduna, ba "munka" ba "sunka", sai wata lanƙwasar harshe da ko 'yan Kadunar ba su yi.

Zubairu ya ba da shawarar Maradun, tunda ta fi kusa da inda aikin ya fi yawa. Da suka isa, Injiniya ko sauka bai yi ba. Ya dubi garin ta gilashi yana yatsine fuska, ya ce ko'ina warin kashin shanu, mutum mai mutunci ba zai kawo iyalinsa nan ba. Ta yadda ya ji warin alhali gilashi a rufe yake, Allah kaɗai ya sani.

A Bakura sun sami gida mai kyau, da mangwaro a tsakar gida da rijiya mai ruwan daɗi. Dattawan da ke kan tabarma a ƙofar masallaci suka miƙe suka tarbe shi. Nan wani tsoho ya yi kuskuren da ya kashe maganar, ya ƙura masa ido ya tambaye shi ɗan wane gida ne, don fuskarsa ba baƙuwa ba ce. Injiniya ya koma mota da sauri har yana tuntuɓe. Ya ce wa Zubairu shi ba zai zauna cikin mutanen da ba su da aiki sai bin diddigi ba.

A Mafara ma cikin gari bai yi masa ba: nan yara sun yi yawa, can maƙwabta sun matso. Sai a bakin gari suka ga wani sabon gida, rufin kwano shuɗi, ƙofar ƙarfe, katanga mai tsayi, gabansa fili fetal ba gida ko ɗaya. Injiniya ya ce alhamdulillahi, wannan shi ne unguwa.

Zubairu ya yi gyaran murya. "Ranka shi daɗe, wurin ga hwa, yau Alhamis ta..."

Injiniya ya ce ya san ranar, yana da waya. Zubairu ya ƙyale shi, don in ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Da Injiniya ya sauka ya taka filin nan taku goma, da ya ga turaka a kafe jere-jere da ƙasar da ta yi baƙi da taki. Yaron Damaga ɗan shekara huɗu zai faɗa maka abin da ake yi a wurin. Amma shi ya yi shekara goma sha ɗaya yana koya wa idonsa kada ya dubi ƙasa. Aka shiga da mota har cikin gida, ya ɗauki hotuna ya tura wa matarsa Zakiyya, wadda za ta biyo shi ƙarshen wata.

Asabar ya tare. Kwana uku ya yi yana yabon kansa. Ran Talata da sassafe kukan shanu ya tashe shi, ba na guda ba, ba na goma ba. Ya leƙa ta taga sai ya ga filin nan ya cika maƙil: shanu, dillalai, motocin lodi, masu fura, masu tsire. Kara ce, kasuwar shanu, ya kama gida a bakinta, a garin da ko sunansa yana shelar ranar kasuwarsa.

Da zai iya da ya wuni a ɗaki, amma akwai taro a ofis. Zubairu ya fito da mota, sai wani bijimi ya tsaya ƙiƙam a gabanta. Aka yi ta danna ham, ko kunne bai kaɗa ba. Lokaci na tafiya, gumi ya keto wa Injiniya. Bai san sa'ad da ya sauke gilashi ba, ya kaɗa harshe sau biyu ya ja wata 'yar gajeriyar murya. Bijimin ya juya ya ba da hanya kamar ya san shi. Zubairu ya dube shi ta madubi, ya ja mota. Can gefe wani mutum mai sanda a kafaɗa ya waiwayo ya bi motar da kallo, don kowane gida da irin kiransa, wannan kuwa na gidan Ahmadu ne.

Injiniya ya yi mako yana lallashin kansa cewa ba wanda ya lura. Talata ta biyu ya shirya barin gida tun kafin kasuwa ta ci, ya ce Zubairu ya zo da ma'aikata uku su wuce Bakura. Yana jin motar ta tsaya ya buɗe ƙaramar ƙofa, sai ya yi kiciɓis da gadon bayan saniya. Shanu tara ne, wasu a turke, babbar kuwa an ɗaure ta a ƙarfen ƙofar ta tare hanya. Gefe ga Baffa Falalu, ƙanin ubansa, zaune a kan buzu, ya tsufa ya rame.

Ma'aikata duk sun fito daga mota suna kallo. Kunya da haushi suka rufe Injiniya, ya tattaro Hausar Kaduna ya ce, "Lafiya, malam?"

Baffa bai yi fushi ba. Ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, yana tambaya yana amsa wa kansa. Sannan ya yi bayani da muryar da kowa zai ji. A gidansu, ran suna uba kan ba jariri karsana, ita da duk abin da ta haifa nasa ne. Ta Ɗantani ta daɗe da mutuwa, amma ga 'ya'yanta da jikokinta. Shi ya kiwata su tun rasuwar yayansa, yanzu ƙafa ta ƙi.

Ya miƙe ya naɗe buzunsa. "Innarka tac ce a kawo ma. Tac ce tunda kai ba ka iya hanya, su sun iya."

Ko ruwa bai nema ba, ya shige cikin kasuwa.

Injiniya ya tsaya a bayan saniyar, ba hanyar fita. Zubairu ya zo ya kama igiyar, ya ja nan ya ja can, ƙullin ya ƙi. Ma'aikatan ma suka gwada ɗaya bayan ɗaya, suka ce sai dai a nemo wuƙa. Ƙullin gidan Ahmadu ne, in ba ka san bakinsa ba ƙara tamke shi kake yi. Saniyar ta yi kuka, tun jiya take tafiya ba ta sha ruwa ba. Injiniya ya dubi agogonsa, ya dubi mutanensa, sannan ya sunkuya ya sa yatsa biyu ya ja sau ɗaya, igiyar ta warware.

Zubairu ya karkaɗe hannunsa, ya ce cikin ladabi, "Malam Ɗantani, Bakura za mu, ko shayar da su za ka hwara yi?"