Na Riƙe

Na ce "na riƙe" alhali ban riƙe ba. Abin da ya faru ke nan. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban, asirina yake rufawa.

Sana'ata sa gilashi ce: tagogi, gaban shaguna, manyan madubai. Shekara ashirin da biyu ina yi, goma sha huɗu daga ciki tare da ƙanena da muke kira Dogo. A aikinmu doka ɗaya ce ba a wasa da ita. In mutum biyu suka ɗauki babban gilashi, babu mai sakin ɓangarensa sai ya tambaya, "Ka riƙe?" ɗayan kuma ya buɗe baki ya ce, "Na riƙe." Ba "to" ba, ba gyaɗa kai ba. Ni na koya wa Dogo wannan. Har marinsa na taɓa yi ranar da ya amsa mini da "uhm".

Ta ido abin ya fara mini. Da safe garau nake tashi. Amma rana tana karkatawa sai fatar idona ta hagu ta fara saukowa kamar ana rufe ƙofar shago. Layin da na ja a kan gilashi sai in ga ya koma biyu, in rasa wanda zan bi in yanka.

"Yaya, wa kake kashe wa ido?" in ji Dogo. "Mu biyu ne kawai a nan, ni kuma ina da mata."

Na yi dariya, na ce ƙura ce.

Daga nan sai muƙamuƙi. In fara cin abinci lafiya lau, kafin in kai rabi tauna ta gagare ni. Matata ta zuba mini ido kwana uku, ran na huɗu ta ce, "Baban yara, naman nan fa ba roba ba ne."

"Haƙori ne."

"Jiya ido, yau haƙori. Ka je asibiti, don Allah."

"In je su ce mini me? In huta?"

Ban gaya mata ainihin abin da nake tsoro ba. A sana'armu, ranar da aka ji cewa hannunka yana da shakka, ka gama. Babu mai ɗaukar gilashi da kai, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuma ban iya komai ba sai wannan.

Hannun kuwa ya biyo baya. Wata ranar da yamma na zo rataye rigata a ƙusa, hannu ya tsaya a daidai kafaɗa ya ƙi wucewa. Ba ciwo, ba zafi. Kawai ka aike shi ya ƙi zuwa. Abin da ya ruɗe ni shi ne, in na shige ɗakin ajiya na zauna kan benci minti ashirin, sai ƙarfin ya dawo. Sai na ce wa kaina gajiya ce. Na juya tsarin aiki ban gaya wa kowa dalili ba: ɗauka da ɗorawa da safe, awo da yanka da yamma. Wata shida ina wannan ɓoyon. Kullum da na farka, kafin in ce wa kowa ina kwana, sai na dunƙule hannuna sau ashirin a ƙarƙashin bargo ina ƙirgawa.

Ranar da abin ya faru, gilashin gaban wani kantin takalma za mu sa, mita uku da biyu. Direba ya ce da sassafe zai kawo. Muka share firam ɗin da gilashin zai shiga ciki, muka jera robobin da zai zauna a kai, muka zauna jira. Azahar ta wuce. Ina kallon inuwar ginin tana tsallaka titi. Sai bayan la'asar motar ta iso.

Na juya baya na gwada dunƙule hannun ina ƙirgawa. A na bakwai yatsun suka fara jan ƙafa.

"Mu bar shi gobe da safe," na ce.

Direba ya ce shi ba zai kwana da gilashi a mota ba. Mai kanti ya nuna gaban shagonsa a buɗe, kaya a ciki. Dogo ya dube ni.

"Yaya, lafiya kake kuwa? Muryarka ma ta hanci take fita."

"Kai ne likita? Sa safar hannunka."

Daga mota zuwa firam taku goma sha biyu ne. Na ƙirga su. A na biyar kafaɗuna suka ɗauki rawa. A na tara gefen gilashin ya zama biyu a idona. Muka isa, muka tsayar da shi a bakin firam, ƙasansa bai kai ga zama ba. Ɗaya daga cikin robobin ta goce. Dole Dogo ya saki, ya durƙusa, ya mayar da ita wurinta. Aikin daƙiƙa biyar ne. Mun yi shi ya fi sau dubu.

"Ka riƙe?"

Yatsuna kamar jiƙaƙƙen tsumma suke a cikin safar. Na sani. Kalma uku kawai zan faɗa, ban riƙe ba, mu jingine shi a bango. Amma ga direba, ga mai kanti, ga masu wucewa sun tsaya kallo.

"Na riƙe."

Ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba. Don me zai duba? Ya cire safar dama da haƙori, ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin gilashin.

Ban ji lokacin da ya zame ba. Gani kawai na yi yana sauka ta cikin tafina.

A asibiti, ana can ciki ana yi wa Dogo aiki, ina zaune a baranda da jininsa a wandona, wata likita ta zo wucewa ta tsaya. Ta ce, "Malam, tun yaushe idon nan yake haka?" Ta sa ni in kalli sama in daɗe, ta sa ni in miƙe hannuwa gaba. Ko minti ɗaya ba su yi ba suka sauko. Bayan gwaje-gwaje ta yi mini bayani yadda zan gane: jijiya tana aika saƙo, amma a inda take haɗuwa da tsoka saƙon yake maƙalewa, shi ya sa in na yi aiki ƙarfin yake ƙarewa, in na huta ya dawo. Sunan cutar har yau bakina bai iya shi ba. Ta ce ba a rabuwa da ita, amma ana zama da ita. Ta rubuta mini ƙwaya.

Rabin awa bayan na haɗiye ta farko, na dunƙule hannuna sau ashirin. Duk suka tafi daidai. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi kuka.

Da Dogo ya dawo hayyacinsa sosai na gaya masa komai, tun daga idon har bencin ɗakin ajiya. Ya juyo ya dube ni.

"Da ka ce ba ka riƙe ba, Yaya, da na riƙe mana. To amfanina me a wurin?"

Bai ƙara tayar da maganar ba.

Gilashin ya yanke masa jijiyoyin wuyan hannu. An ɗinka abin da ya ɗinku. Yatsu uku ba sa rufewa, biyu ba ya jin su ko wuta ce ta taɓa. Matarsa ce take ɓalle masa maɓallin riga. Yanzu a shago yake zama, yana amsa waya, yana koyon rubuta awo da hagu kamar ɗan aji ɗaya. Ni hannuna yana aiki, in dai na sha ƙwayata a kan lokaci.

Jiya na miƙa masa kofin shayi, bakina ya riga ni, na ce, "Ka riƙe?"

Ya sa hagu ya kama kofin, ya tallafe gindinsa da bayan hannun dama. Bai amsa ba.