Litinin Ta Yi Nisa

…kuma ko sunanka alƙalin bai kira ba, Yaya. Lambar ƙara ya kira. Ga ni zaune a benci a bakin kotu. Lauya na tsaye a kaina, bakinsa na motsi — wa'adi, wa'adi ya wuce — ni kuwa tarinka nake ji. Tarin nan na ɗakin baya, wanda in ya taso maka har gadon ƙarfen sai ya amsa. Tun da muka binne ka bai daina ba…

Wai ƙara ba ta zama ƙara sai ranar da aka biya kuɗin kotu. To takardun da na kawo ran Juma'a fa? Da hannuna na miƙa su. Na sauka wajen biya, taga a rufe, mai karɓar kuɗi ya leƙo ta gefen labule — "Na'ura ta tsaya, baiwar Allah, sai Litinin." Litinin na dawo. Na biya. Har godiya na yi masa! Ashe a ɗan tsakanin nan shekara ukun da doka ta ba mu ta cika — ina gida ina juya ka kada bayanka ya yi gyambo, kana tsokanata wai hannuna kamar na ɗan dambe.

Shekara uku… wa ya cinye ta? Ɗan kwangilar da kake wa aikin gini mana. Ya zo asibiti da lemo a leda, ya dafa ƙafarka — ƙafar da ba ta jin komai — "Haba, ni da kai har sai an je kotu? Bari a biya ni kuɗin aikin." Bari, bari, bari. Kai kuma da kunyarka: "Ƙanwata, ɗan halak ne, zai cika." Ya san da wa'adin? Tun yana ɓare maka lemon nan ya sani?

Katakon da ya karye da kai ruɓaɓɓe ne, kowa a wajen ginin ya sani. Ga abokin aikinka can, birkila, ya jingina da ginshiƙi. Ya baro aiki ya zo ba da shaida, har da wankakkiyar riga. Ba wanda ya tambaye shi komai. Daga hawa na uku, Yaya… ba wanda ya tambaya.

Ɗaukaka ƙara, in ji lauya. Wata taga ke nan. Wani labulen.

Waya na rawa a jakata. Matarka ce. Tun safe ta hana yara zuwa makaranta, wai su ji labari da ɗuminsa. Me zan ce mata? An kayar da mu? Ai wanda aka saurara ake kayarwa. Mu ko baki ba mu buɗe ba…

Ta katse.

Ta sake kira.